Inci Uku da Rabi

Daga gida, 4 ga wata

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ka da idanunka biyu lafiya, don na san kai da gilashin walda ba kwa shiri. Mu nan ƙalau muke, sai mura da ta zaga gidan ta fita. Goggo tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko a wannan aikin madatsar ruwan za ka tsufa. Shago yana tafiya. Ɗinkin 'yan makaranta ya yi mini yawa har na koma amsa gaisuwa da ka.

Abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro, Baba ne.

Ranar Asabar na ce ya raka ni kantin magani na ƙarshen layinmu, don ya sha iska. Ka san nisan, ba ya kai minti biyar. Sau uku Baba ya tsaya. Na farko a ƙofar mai aski, wai gaisawa za su yi, alhali mutumin ba ya ma cikin shagon. Na biyu ya tsaya karanta wata takarda da aka manna a bango, Baban da ko takardar maganinsa ni nake karanta masa. A na uku ne ya riƙe turken wuta da hannu biyu, gumi yana zubo masa. Da na matsa masa da tambaya ya ce sharaɓarsa ta hagu ce take ɗaurewa in ya yi 'yar tafiya, in ya tsaya sai ta saki. Na ce tun yaushe? Ya ce an kwana biyu. Ka san kwana biyun Baba, yana iya zama shekara.

Da muka dawo na ɗora ruwa in gasa masa ƙafar. Yana naɗe wandon gabana ya faɗi. Yaya, ba ƙafar Baba ba ce. Ƙashi ne da fata, fatar tana ƙyalli, gashin duk ya zube. Tafin ƙafar sanyi ƙalau, ga shi ana zafi. Na ce ya cire rigar ma in gani, ya yi ta musu, daga baya ya cire. Damtsen nan da yake murza kwaɓin buhun fulawa guda kafin rana ta fito, wanda muke lilo a jikinsa ni da kai lokaci ɗaya, yanzu yatsuna sun kusa zagaye shi. Na miƙa masa kwalbar man zafi ya buɗe. Ya juya, ya juya, ya maido mini ya ce masu kamfanin ne ba su da imani. Ni da hannu ɗaya na buɗe ta.

Na shiga shago na rufe ƙofa na yi kuka. Gida ɗaya muke kwana da mutumin nan, ni nake kai masa shayi, ban san yadda aka yi na bari ya zama haka ba.

Goggo ta ce mataccen jini ne ya taru, wai ta san wani mutum mai tsaga ƙafa da reza ya fitar da shi. Na ce mata a'a, ta ce ni yarinya ce, a shekara talatin da takwas. Na karɓo kati a asibiti, sun ba mu ranar sha biyar. Ka rubuto da wuri.

Ƙanwarka,
Auta

Daga sansanin aiki, 11 ga wata

Auta,

Amin, sallama. Idanuna lafiya, na gode da addu'ar da kika naɗe a cikin zagi. Aiki da godiya. Muna haɗa manyan bututu a can ƙasan kwazazzabo, inda waya ba ta da amfani sai duba lokaci. Direban motar abinci shi ne gidan wayarmu, in bai zo ba duniya ta manta da mu. Ki gaishe da Goggo, ki ce mata rezarta ta ajiye ta don farce.

Kin tayar mini da hankali, sai da na zauna a kan bokiti na sake karanta wasiƙarki. Amma da na natsu na ciro hoton da kika aiko mini wata biyu da suka wuce, wanda Baba yake tsaye a ƙofar shagonki da rigar nan mai ruwan toka. Na duba shi da kyau. Kafaɗunsa suna nan yadda na san su, har abokan aikina suna cewa ya fi ni cika riga. Kuma ke da kanki kika rubuto cewa ya hau sikeli a kantin magani, kilo saba'in da huɗu, daidai da nauyinsa na tun muna yara. To ina ramar take? Mutumin da ya rame sikeli yana faɗa.

Ina ganin tsufa ne kawai, ke kuma kin tsorata. Shekara sittin da uku ba wasa ba ne ga wanda ya yi arba'in daga ciki a gaban tandar burodi. Ni abin da ban gane ba, me ya kai ki jan shi zuwa kanti? Tun ranar da ya zame da buhu a bayansa, shekara biyu ke nan, na ce a hutar da shi, kada ya sake ɗaga komai, kada ya sake hawa keken nan na raba burodi. Ya wahala dominmu ya isa haka. Na sayi kujerar nan mai laushi ne don ya zauna a kanta, ba don kyanwa ba.

Ku je asibitin dai, ko don hankalinki ya kwanta. Za su ba shi man shafawa su sallame ku. Ki rubuto mini in yi miki dariya.

Yayanki

Daga gida, 16 ga wata

Yaya,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Ba ni da ƙarfin dogon bayanin lafiyar kowa yau, ka yi haƙuri.

Mun je asibiti jiya. Ba su ba mu man shafawa ba.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa yatsa a bayan ƙafar Baba tana neman bugun jini, ta daɗe tana nema. A ta dama ta samu kaɗan. A ta hagu ba ta samu komai ba. Ta auna hawan jininsa a hannu, ta auna a idon sawu, ta rubuta. Sai ta ware yatsun ƙafar ta nuna mini wani ɗan ciwo a tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Baba ya ce takalmi ne ya cije shi tun watan jiya. Ni ban taɓa ganinsa ba. Daga nan aka tura mu hoton jijiyoyi, aka ɗebi jini, muka wuni a kan benci.

Ta ba shi wani ƙarfe ya matse da hannu don a ga ƙarfinsa. Da ta ga lambar sai ta tambaye shi aikin da yake yi da. Ya ce burodi, da hannu, ba da inji ba. Ta sake kallon lambar. Ta tambaye ni tun yaushe ya fara zubewa. Na kawo mata maganarka ta sikeli. Ta ce sikeli nauyi kawai ya sani, bai san abin da yake aunawa ba. Tsoka tana iya tafiya kitse ya maye gurbinta, lamba ba ta motsa ba.

A nan ne na tuna littafin awona yana cikin jaka, don daga asibitin zan biya kasuwar yadi. Na buɗe shafin Baba. Ka san ni, ba na yanka yadi sai na sake awo, ko na wanda na haifa ne. Damtse, shekara biyu da suka wuce: inci sha huɗu. Bayan wata shida, sha uku. Sai sha biyu, sai sha ɗaya. Awon ƙarshe, goma da rabi. Cinya ta sauka da inci huɗu. Ƙugu kuma ya tashi daga talatin da huɗu zuwa arba'in. Duk da rubutuna, da kwanan wata a gefe. Likitar ta karɓi littafin ta daɗe tana dubawa, ta ce da kowane majinyaci zai zo mata da irinsa da aikinta ya yi sauƙi. Yabo take yi, ni kuwa ji na yi kamar ta mare ni.

Yanzu maganar hoton da kake tinƙaho da shi. Kafaɗun da abokanka suke yabawa nawa ne. Soso ne, Yaya. Da na ga riga ta fara zubo masa a kafaɗa sai na sa soso siriri a ciki. Da ta ƙara zubowa na ninka shi. Na tsuke hannun riga don kada ya yi ta lilo, na ƙara shafi mai kauri a ƙirji, na saki wando a ƙugu na rage shi a cinya. Aikina ke nan, in kaya bai zauna a jikin mutum ba in gyara kayan. Sau biyar na rubuta cewa mahaifina yana narkewa, sau biyar na je na gyara riga. Ban taɓa haɗa lambobin na karanta su a jere ba sai jiya.

Ga abin da na fahimta daga bayanin likita. Ta ce kowa tsokarsa tana raguwa in shekaru suka ja, amma wanda aka zaunar wuri ɗaya tasa gudu take yi. Ta ce zubewar tsoka da lalacewar jijiyoyin jini sukan tafi tare. Tsoka ce take cinye yawancin sukarin da ke cikin jini, in ta ragu sai sukari da maiƙo su yi ta yawo suna ɓata jijiya. In jijiya ta tsuke kuma, tsokar ba ta samun jinin da zai ciyar da ita, sai ta ƙara zubewa. Sukarin Baba ya hau, ba mu sani ba. Ta tambayi abin da yake ci. Na ce tun da haƙoransa na gefe suka fita ya bar nama, shayi da burodi ne safe da yamma, don shi ne mai laushi. Ta tambaya ko yana fita. Na ce mun sauko masa da gadonsa ƙasa don kada ya hau bene, mun kulle kekensa, ko bokitin wanka ni nake kai masa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Wa ya ba ku wannan shawarar?" Ban ce kai ba ne. Na ce mu ne.

Don adalci, ta ce ba zaman kaɗai ba ne. Akwai tabar da ya sha da ƙuruciya, akwai hawan jini, akwai gado. Amma ta ce jijiyoyinsa sun girme shi nesa ba kusa ba.

Babbar jijiyar da ke kai jini ƙafar hagu ta kusa toshewa. Shi ya sa ciwon yatsan ya ƙi warkewa. Suna so su zura wani siririn bututu ta cinya su buɗe ta, ba yanka ba ne sosai, kwana biyu a sallame shi. Sun ba mu ranar ashirin da biyu. Ta ce wannan ba abin jinkiri ba ne, in ciwon ya kama ruwa kafin jini ya isa wurin, ƙafar ce gaba ɗaya a cikin haɗari. Ta yi wa Baba bayani, ya saurara da ladabi, ya ce, "Ku yi magana da yarana, su suka yi karatu." Ka san tun rasuwar Inna ba a yanke komai a gidan nan sai da kai. Direba zai biyo jibi. Ka ba shi amsa ya dawo mini da ita.

Auta

(a bayan takardar buhun siminti)

Auta,

Mota za ta juya yanzu, ba lokaci. Na ji abin da ake shirin yi wa ƙafar Baba. Ban yarda ba. Kada ki bari kowa ya taɓa ƙafar nan sai na zo, ko wane ne shi, ko me zai ce miki. Ina neman hutu.

Yayanki

Daga sansanin aiki, 19 ga wata, da la'asar

Auta,

Ki yaga takardar da na ba direba da safe. Ki yaga ta, ki kai Baba asibiti ranar da suka ce.

Ga yadda aka yi. Direba ya iso ina tsakiyar aiki, ya miƙo mini ambulan ɗinki, na sa a aljihu don hannuna duk baƙi ne. Yana sauke buhunan shinkafa yake ba ni labari cewa da ya je karɓar wasiƙa ya haɗu da Goggo a ƙofar gida, tare da wani mutum mai 'yar jaka, ta ce masa ya gaya mini za a tsaga ƙafar Baba a fitar da mataccen jini. Raina ya ɓaci. Direba yana sauri don hadari ya haɗo. Na yagi takardar siminti na rubuta abin da na rubuta. Goggo da mai rezarta nake nufi, wallahi su nake nufi. Sai da ƙurar motar ta ɓace na wanke hannu na buɗe wasiƙarki.

Na bi motar da gudu har gada, ban cim mata ba.

Na karanta wasiƙar sau huɗu. Inci uku da rabi. Na auna shi a kan tef ɗina na aiki na tsaya ina kallo. Ban san abin da zan ce miki a kan soson ba, don ni na ɗinka wanda ya fi naki kauri. Ina nan nesa ina aiko da umarni, ina jin daɗin cewa na hutar da mahaifina. Ko sau ɗaya ban tambaye shi ko yana son hutun ba. Na tuna ranar da na kulle keken, ya tsaya yana kallona, ni kuma na ɗauka godiya ce.

Na san ki. Kin san ba likita nake nufi ba. Ina roƙon Allah ya sa kin sani.

Ƙari, 26 ga wata. Wasiƙar nan tana aljihuna har yau. Ruwan da ya biyo bayan motar ya cinye gada, ya kayar da turken layin wayar ofis. Ba shiga ba fita. Na roƙi shugaban aiki, ya ba ni hutun, ya ce in na iya tashi sama in tafi. Jiya na gwada tsallaka kogin da igiya, mutum uku suka janyo ni baya. Ashirin da biyu ta wuce. Ina gaya wa kaina an yi aikin, Baba yana gida yana yi miki faɗa a kan shayi.

Ƙari, 5 ga sabon wata. Har yanzu. Ba na iya cin abinci. Jiya na ƙona hannuna da walda, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Yayanki

Daga gida, 2 ga sabon wata

Yaya,

Ina gaishe ka, ko da yake ban san ranar da gaisuwar za ta isa ba. Na je ofishin kamfaninku na cikin gari sau biyu, sun ce hanya ta yanke, kuna lafiya, ana gyara. Na ce yaushe? Suka ce ana gyara.

Takardarka ta simintin ta same ni ranar ashirin. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Na rubuta maka shafi huɗu, ka amsa mini da layi huɗu. Ban yarda ba, ka ce. Ko wane ne shi, ko me zai ce miki. Ban taɓa jin haushinka irin na ranar ba. Na ce a raina, mutumin da ko ƙafar bai gani ba. Amma kuma na ce wataƙila ka san abin da ban sani ba, wataƙila akwai wani a wurin aikinku da aka yi wa irin aikin ya lalace. Na kuma tambayi kaina, in na sa hannu aka shiga da Baba bai fito ba, da wane baki zan gaya maka? Ni da na riga na yi kuskuren shekara biyu, ban yarda da idona ba kuma.

Na je na gaya wa likita za mu jira yayana. Ta ajiye biro. Ta ce, "Ƙafar ba ta san kina da yaya ba." Ta ce in kawo Baba ta sake yi masa magana da kansa. Na ce to, ban kai shi ba. Ta ba da magunguna da abin wanke ciwo, ta rubuta mini lambarta a bayan katin, ta ce in yatsan ya sauya launi ko zazzaɓi ya zo kada in tsaya neman kowa.

Baba bai san da takardarka ba. Na ce masa layi ne ya yi tsawo, sun ɗaga ranar. Ya ce haka asibiti yake. Goggo kuwa na kore mata mutuminta tun ranar da ta kawo shi, ko zaure bai wuce ba, har yau ba ta yi mini magana.

Yanzu ina dafa masa ƙwai da wake da kifi, ina niƙa masa nama. Yana ci yana tsokanata wai na tuna yana da ciki. Na ba shi gwangwanin madara biyu yana ɗagawa a zaune, kamar yadda nas ta nuna mini. Ranar farko ya yi sau shida ya gaji, ya yi dariya, ni na fita tsakar gida. Na farke soson daga rigunansa duka. Ya sa ɗaya ya tsaya gaban madubi ya daɗe, ya ce, "Auta, ɗinkinki ya lalace."

Ciwon ƙafar yanzu ba sai ya yi tafiya ba. In ya miƙe ta a gado sai ta hau zugi, sai ya sauko da ita ƙasa yake samun sauƙi. Yatsan ya ɗan yi duhu, amma ina ganin maganin da nake shafawa ne. Ina ganin shi ne. Zan ƙara maka mako ɗaya.

Auta

Daga asibiti, 14 ga wata

Yaya,

Ina rubuta maka wannan a kan benci, a barandar ɗakin maza, da rana tsaka. Direba yana ƙasa yana jirana. Ya ce an buɗe hanya, motar farko ta abinci ce kawai aka bari ta wuce, ta ma'aikata sai jibi. Ya kawo mini wasiƙarka ta sha tara jiya da yamma. Na karanta. Ba zan ce komai a kanta ba yanzu, don in na fara ba zan iya gama wannan ba.

Baba yana da rai. Ka riƙe wannan tukuna.

Ranar tara ga wata na shiga kai masa shayi na ji wari a ɗakin. Jikinsa zafi rau, yana kiran sunan Inna. Na buɗe bandejin. Ba magani ba ne ya sa duhun. Yatsu uku sun yi baƙi, ja ya haura har idon sawu. Ban nemi kowa ba, na tare mota. Ni kaɗai na ɗauke shi daga gado zuwa ƙofa, Yaya. Ni kaɗai, kuma ban ji nauyi ba.

Sun yi ƙoƙarin buɗe jijiyar washegari. Ta buɗu, amma naman da ke ƙasa ya riga ya mutu, ciwon kuma ya fara shiga jini. Likita ta kira ni ofis ta ce ko ƙafar ko shi. Ta turo mini takarda. Na sa hannu, ban tambayi kowa ba. An yanke ta ƙasa da gwiwa ranar sha ɗaya.

Zazzaɓin ya sauka. Yana cin abinci, yana gane kowa. Goggo ta zo ta zauna a gefensa tana ta kuka, shi yake ba ta haƙuri. Bai yi kuka ba ko sau ɗaya, sai dai yakan kai hannu ya shafa zanen gadon a wurin da ƙafar take da.

Yau da safe mai koyar da motsa jiki ya zo da sandunan dogarawa, ya ce a gwada tsayuwa ko ta minti ɗaya ce. Muka zaunar da shi a bakin gado. Ya riƙe sandunan, ya cije leɓe, ya yunƙura. Hannuwan ba su ɗaga shi ba. Sau uku. Mutumin ya ce ba komai, za a fara gina hannun tukuna, wata biyu ko uku, tsoka tana dawowa ko a wannan shekarun in an dage. Ya kuma ce dole a kula da ta daman, don ita ma jijiyarta ba lafiyayya ba ce. Baba ya ce zai dage. Ya tambaya ko akwai abin da zai riƙa murzawa, aka ba shi ƙwallon roba, tun ɗazu yana hannunsa.

Bayan nan likita ta shigo zagaye da ɗalibanta. Ta duba ɗinkin ta ce ya yi kyau. Baba ya yi mata godiya, ya ce ya san ba laifinsu ba ne, layi ne ya yi tsawo. Ta tsaya. Ta ce, "Wane layi, Baba? Ranar ashirin da biyu gadonka yana nan a shirye." Ta juyo ta dube ni, ta gane, amma magana ta riga ta fita. Ya tambaye ta, da an yi a ranar da ƙafar tana nan? Ta ce ba za ta rantse ba, amma da tana da kyakkyawan zato. Ta ja ɗalibanta suka wuce gado na gaba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye ƙwallon a kan cinyarsa ya ce, "Auta, mako uku. Me muka tsaya jira?"

Na ce masa ina zuwa, na fito nan. Takardarka ta simintin tana cikin jakata, wasiƙarka ta sha tara ma tana ciki. Zan iya shiga in miƙa masa ta farkon in tsira, zan iya cewa ni ce kawai in rufa maka asiri. Duka biyun gyaran riga ne, kuma na daina. Wannan amsar ta mu biyu ce, tare za mu tsaya a gabansa mu ba shi.

Ina hango shi ta taga. Yana kallon ƙofa. Ka hau motar jibi.

Auta